Awon Hannun Malam

"Ki ce masa ya matse da iya ƙarfinsa."

Ma'aikaciyar asibiti mai awon hannu ce, kuma da Uwar Biyu, matar Malam, take magana, alhali ga Malam nan zaune a gabanta, har gwiwarsa tana gugar ƙafar teburinta. Ya saba da wannan. Tun yana ƙaramin yaro ido ya tafi, yau ga furfura ta cika masa gemu, amma har yanzu bai gano wanda ya gaya wa mutane cewa idan ido zai tafi da kunne yake tafiya ba.

"Ina jin ki, 'yata," ya ce. "Kunnen lafiyarsa ƙalau. Hannu aka yanka."

Ta yi 'yar dariyar kunya, ta danƙa masa wani ƙarfe mai sanyi, mai mariƙi kamar birkin keke. Ya matse. Wani abu ya yi ƙara a cikin ƙarfen, ta ce masha Allah, ya ji biro yana gudu a kan takarda. Ta karɓa ta sa masa a hagu, nan ma masha Allah. Ta ba shi wani ɗan ƙarami ya danna da babban yatsa kamar mai murɗa makulli. Uwar Biyu tana tsaye a bayansa da jakarta a kafaɗa, sai godiya take zubawa kamar ita aka yi wa kyauta.

"Baba, ai ka fi ni ƙarfi," in ji mai awon. "Kafin a yi maka aiki ko rabin wannan ba ka kai ba."

Shi dai ya san ba aikin dako ya zo nema ba.

Ciwon ya daɗe tare da shi. Shekara talatin yana koyarwa a makarantar makafi, yana huda takarda da tsinken rubutu, yana dukan keken rubutunsu mai taurin kai, har hannuwan suka fara yi masa tawaye. Da farko yatsu ne ke mutuwa, ya yarfe su su farfaɗo. Daga baya zugi ya riƙa tashinsa daga barci, kofi ya riƙa suɓuce masa. Duk wanda ya ce masa ya hannu, sai ya ce da sauƙi, don haka aka koya masa amsa gaisuwa tun yana yaro. Da wannan da sauƙin ya ci shekaru, har ranar da Uwar Biyu ta gaji ta tasa shi a gaba zuwa asibiti. Likita ya ce wata jijiya ce ta matse a wuyan hannu, inda take ratsa wata 'yar matsattsiyar hanya, za a tsaga a buɗa mata. Aka yi wa dama, da ta warke aka yi wa hagu.

Zugin ya tafi, wannan kam ba zai yi wa Allah butulci ba. Yana barci, yana ɗaukar bokiti, kofi ya daina faɗuwa. Abu ɗaya ne bai dawo ba, kuma shi ne abin da ya sa ya yarda aka sa masa wuƙa. Idan ya ɗora kan yatsunsa a kan shafi, ɗigogin nan da ya saba ji tsaf, kowanne a mazauninsa, sai su cakuɗe su zama abu ɗaya, kamar mai laluben shinkafa ta bayan buhu. Ya san akwai rubutu a wurin. Abin da aka rubuta ne bai sani ba.

Ga shi kuma ranar Litinin hutunsa zai ƙare. Shugaban makaranta ya faɗa masa cikin ladabi, irin ladabin da ba a ja da shi, cewa idan bai dawo wannan zangon ba za a bar wa malamin riƙo aji shida gaba ɗaya, shi kuma a ba shi kujera a ofis ya riƙa amsa waya. Kowa a makarantar ya san kujerar nan. Duk wanda ya zauna a kanta, walimar sallama yake jira. Aji shida kuwa ajin jarrabawa ne, kowace safiya sai an karanta aikin yara an gyara, kuma Malam ya daɗe yana cewa babu yatsun da suka kai nasa saurin kama kuskure.

"Yanzu zan taɓa ka da wani abu mai baki biyu," mai awon ta ce. "Ka rufe idonka, ka gaya mini..."

Ta katse maganar da kanta. Har fankar ɗakin sai da ya ji ta ƙara ƙara.

"Na riga ki," in ji Malam. "Ci gaba."

Ta kama manuniyarsa ta dama, ta dangwala masa abu mai tsini. Ɗaya ko biyu? Biyu. Ta matso da bakunan kusa da juna. Biyu. Ta ƙara matsowa, ya ɗan yi jim, ya ce biyu.

"Shi ke nan, ka ci."

"Ƙara matso da su."

"Baba, iyakarmu ke nan. Duk wanda ya ji biyu a nan, yatsansa lafiya lau yake."

"Ki dai yi mini alfarma. Kamar rabin haka."

Ta yi masa, irin yadda ake biye wa tsoho mai rigima. Ya tattara hankalinsa gaba ɗaya ya kai kan yatsan nan. Abu ɗaya ya ji, mai dakushi, kamar daga nesa.

"Ɗaya."

"Biyu ne, amma kada ka damu, wannan ba ya cikin lissafi. Ba wanda yake buƙatar jin wannan."

Malam ya haɗiye abin da ya zo masa baki. Tsakanin ɗigo da ɗigo a rubutunsu, daidai nan ne, wurin da ba wanda yake buƙata.

Sai aka shiga tambayoyi. Ta ce kowace tambaya ya zaɓa daga ba wahala har zuwa ba na iyawa. Ciwo yana tashinsa daga barci? Kafin ya buɗe baki Uwar Biyu ta ce barci har da minshari, ita ce ma yanzu ba ta samu. Yana ɓalla maɓallin riga? Yana yi. Buɗe murfin kwalba, riƙe waya, ɗaukar ledar cefane, wanka da sa kaya? Duk yana yi, kuma duk gaskiya ne, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya zauna yana faɗin gaskiya ɗaya bayan ɗaya, yana jin ana haɗa su ana gina masa ƙarya.

"Yatsun suna mutuwa har yanzu?"

A nan ne ƙofa ta buɗe masa, ya kuma ji ta buɗe. Amma ga hannun Uwar Biyu a kafaɗarsa, da ɗuminsa, da nauyin watannin da ta yi tana wanke masa fuska tana ba shi abinci a baki. Bakinsa ya riga shi.

"Da sauƙi."

"Kaɗan ke nan," ta ce, biro ya wuce. "Riƙe littafi lokacin karatu fa?"

"Riƙewa kike tambaya ko karatun?"

"Riƙewa aka rubuta, Baba."

"Haba, wannan ai ba sai an tambaya ba," in ji Uwar Biyu da murya mai cike da alfahari. "Kullum da yamma sai ya karanta mini. Rubuta ba wahala, 'yata."

Tun suna ango da amarya suke da wannan ɗabi'a. Da yamma ita tana guga, shi yana zaune a gefen tebur da littafin labari a cinya, yana karanta mata. Da aka kwance masa bandeji, ita da kanta ta ɗauko littafi ta ɗora masa, ta jona dutsen guga, ta ce to bismilla. Ya ɗora yatsu ya ji ba kowa a gida. A ce ya gaya mata a ranar, da an wuce wurin. Sai ya ce a ransa kumburi ne, gobe zai sauka. Littafin ya sha koyar da shi, ya haddace farkonsa, don haka ya riƙa jan yatsu a kan layi yana zubo mata daga ka, yana juya shafi idan ya ga ya dace. Da haddar ta ƙare kumburin bai sauka ba, sai ya ci gaba da nasa.

Suka koma layi a baranda, kan benci mai sanyi, tsakanin wani mai tari da wata mai jinjiri. Uwar Biyu ta kira 'yan biyun nata ɗaya bayan ɗaya a waya, tana gaya musu babansu ya ci jarrabawa, har ya fi ma'aikaciyar ƙarfi. Malam ya zauna da sandarsa tsakanin gwiwoyi yana murza babban yatsa da manuniya, kamar idan ya matsa musu za su tuna.

Likita mutum ne mai kujera mai kuka, kuma yana da hali ɗaya da Malam yake yaba masa: da shi yake magana, ba da matarsa ba. Ya juya hannuwan, ya danna tabon ɗinki, ya karkaɗa takardun mai awo, muryarsa ta washe.

"Malam, na taya ka murna. Ka san mu ba kowane canji muke kira sauƙi ba. Akwai iyakar da muka sa. Sai makin ciwo ya sauka ya wuce ta muke cewa mutum ya samu sauƙin da shi kansa zai ji a rayuwarsa. Naka ya wuce ta har ya ninka."

"Wa ya sa iyakar?"

"An tambayi mutane ne da yawa waɗanda aka yi wa irin wannan aikin. Aka ware waɗanda suka ce sun ji daɗin aikin, aka duba nawa makinsu ya sauka."

"Su wane ne mutanen?"

"Kowa da kowa. Direbobi, teloli, masu aikin ofis, matan gida."

"Da makaho a ciki?"

Kujerar ta yi kuka. "Ban sani ba, gaskiya. Ina jin babu."

Malam ya ja numfashi zai ci gaba, yana neman ta inda zai ɓullo wa maganar ba tare da ya tona kansa a gaban matarsa ba, sai ya ji zip ɗin jaka ya zuge.

"Likita, bari ka ga aikin hannunka da idonka," in ji Uwar Biyu. "Malam, yaran ajinka ne suka aiko maka da wannan, jiya direban makaranta ya kawo. Na ɓoye ne don ka karanta a gaban Likita, ya san bai yi aikin banza ba."

Ta shimfiɗa masa takarda mai kauri a kan tebur, ta kamo hannunsa ta ɗora.

Ya san takardar tun daga ƙamshinta, irin wadda suke yanka wa yara ce daga tsofaffin kwalaye. Ya ja yatsu a kan layin farko. Ya koma ya sake ja, a hankali. Ya danna har farcensa ya yi zafi, alhali shi ne yake dukan tebur yana hana yara danna rubutu. Shinkafa ta bayan buhu.

Ba wanda ya iya rubutun nan a ɗakin sai shi. Da zai ce, Malam muna gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙi, da Likita ya tafa, Uwar Biyu ta share hawaye, kowa ya tafi gida da farin ciki. Kalmomin har sun hau harshensa. Amma littafi daban, marubucinsa ba ya nan balle ya ji an yi masa ƙari. Waɗannan kuwa yaransa ne. Ya san yadda suka sunkuya suna huda takardar nan ɗigo ɗaya bayan ɗaya, suna gardamar abin da za a ce. Ba zai sa musu magana a baki ba.

Ya janye hannunsa.

"Ba na iyawa."

"Ko ta juye ne?" Uwar Biyu ta kai hannu za ta gyara.

"Ba ta juye ba. Ba na ji ne. Tun da aka yi aikin ban karanta harafi ɗaya ba."

Ya ji hannunta ya bar takardar, ya ji ta ja da baya har jakarta ta bugi bango.

Likita ya matso da kujerarsa. Ya kama hannun Malam ya buɗe tafin, ya riƙa bi da bayan biro yana bayani. Jijiyar nan, in ji shi, ita ke kai ji ga babban yatsa, da manuniya, da na tsakiya, da rabin na kusa da shi. Ɗan autan can, wato ƙaramin yatsa, ba gidansu ɗaya ba, wata jijiyar ce take ci da shi. Ita wannan ta daɗe a matse, shekaru, kuma jijiya ba ta son a bar ta ta daɗe. An buɗa mata hanya, ba za ta ƙara lalacewa ba. Komawarta kuwa a hankali ne, wata da watanni, ko shekara.

"Za ta dawo?"

"Za ta ƙaru. Ko za ta kai inda kake so, ba zan yi maka alkawari ba."

"To ka ƙara mini hutu."

"Zan rubuta, amma ba ni ke amincewa ba. Masu duba takardar hutu maki suke kallo, makinka kuma ya ce ka warke. Za su dawo da ita. Abin da zan iya shi ne in ƙara da hannuna a ƙasan takardarka cewa jin kan yatsu bai kai yadda aikinka yake buƙata ba."

"Wato a takarda na warke."

"A takarda ka warke, Malam."

"To madalla da takarda. Sai ta je ta karɓi aji shida ranar Litinin."

Ya san bai kyauta ba. Mutumin nan bai cuce shi ba, ya raba shi da zugin da ya hana shi barci shekaru. Amma haushi ya cika masa ƙirji har wuya, kuma ba shi da wanda zai sauke wa. Ai mai awon ta tambaye shi ɗazu, shi da bakinsa ya ce da sauƙi. Ya karɓi takardar Likita a cikin ambulan ya cusa a aljihu, ya lalubi takardar yaran ya ɗauka, ya yi godiyar da shi kansa ya ji ba ta da gishiri.

A hanyar tasha Uwar Biyu ta ba shi gwiwar hannunta kamar kullum, sai dai yau ƙashi kawai ta ba shi. Ba ta ce ga rami ba, ba ta ce ga mai babur ba, sai dai ta ja shi ko ta tsaya. Suka samu bas cike, aka matsa musu a kujerar baya kusa da wani mai buhun albasa. Malam ya rungume takardar yaran a ƙirji don kada a danne ɗigogin. Sai da motar ta hau babban titi ta yi magana, ƙasa ƙasa, irin muryar da ya fi tsoro a kan ihu.

"To me kake karanta mini duk watannin nan?"

"Farkon na haddace."

"Da ya ƙare fa?"

"Na ci gaba."

"Ka ci gaba." Ya ji tana lissafi. "Shi ya sa! Shi ya sa mai shagon nan da muka binne tun farkon littafi ya dawo yana neman aure. Na ce maka ba wannan ne ya mutu ba, ka ce mini ƙaninsa ne."

"Na manta ya mutu."

Mai albasa ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba.

"Dama can ai labarin ƙagagge ne, Uwar Biyu. Wani ya ƙaga, ni ma na ƙaga."

"Kada ka raina mini hankali, Malam. Ba labarin ne ya dame ni ba. Ka bar ni na tsaya gaban yarinyar nan ina cika baki, na kira yara na ce ka ci jarrabawa, na shimfiɗa maka takarda gaban Likita kamar wata sakarya." Muryarta ta karye, ta gyara ta. "Kullum da safe sai na ce maka ya hannu. Ni ma da sauƙi kake ce mini, kamar wata baƙuwa da ta zo dubiya."

Wannan ta shige shi. Me zai ce, cewa ya ji kunyar wahalar da ta sha? Cewa muddin tana saurare tana guga, shi ma yana iya yarda cewa karatu yake yi? Ya ji ambulan ɗin Likita yana tokarinsa a aljihu, wani tunani mara kyau ya zo masa. Takarda ta ce ya warke, layin da aka ƙara a ƙasa kuwa almakashi ya ishe shi. Zai iya shiga aji shida ranar Litinin, ya sa yara su riƙa karanta aikinsu da baki, shi yana jan yatsu yana gyaɗa kai. Wanda ya yi wa matarsa haka wata uku, yara za su gagare shi?

Direba ya taka birki saboda wani mai baro. Kowa ya zube gaba, kwandasta ya saki zagi ta taga, hannun Malam ya zame a kan takardar daga sama har ƙasa. Gefen ƙaramin yatsansa ya goge layukan.

Ya ƙame a zaune.

Ya ji su. Tsaf, masu kaifi, kowanne a mazauninsa, kamar yadda ya bar su. Ya ɗora manuniya a wurin, buhu. Ya karkata hannu ya ɗora ɗan autan, ga su nan. Shekara hamsin yatsan nan yana bin 'yan uwansa a kan shafi a ɗage, kamar ɗan rakiya, ba a taɓa tambayarsa komai ba. Maganar Likita ta dawo masa, wadda haushi ya hana shi saurara: ba gidansu ɗaya ba.

Bai gaya mata ba. Ya riga ya cika mata kunne da abin da ba shi da tabbas, ba zai ƙara ba.

Da suka isa gida ta sa masa abinci ba magana, ta kwashe kwanuka ba magana. Da yamma ta shimfiɗa bargon guga a kan tebur ta jona dutse, don fushi bai taɓa hana ta aikinta ba, amma ba ta ɗauko littafi ba. Malam ya ja kujerarsa zuwa gefen tebur, ya shimfiɗa takardar yaran, ya karkata hannu kamar mai share ɓurɓushi.

Ashe ji daban, karatu daban. Yatsan yana ji, amma jahili ne. Bai san tafiya a kan layi ba, sai ya zame ya faɗa na ƙasa. Kansa siriri ne, ba ya rufe harafi gaba ɗaya, sai ya hau ya sauka yana ƙirga ɗigogi kamar yaron da aka kawo jiya. Wuyan hannun ya fara ƙorafi saboda karkatar. Manuniya kuma sai kutsowa take yi don ta saba, yana korar ta. Shi da yake shanye shafi kafin shayi ya huce, ga shi yana gumi a kan harafi ɗaya. Biyu a sama, ɗaya a ƙasa ta hagu. Sai ɗigo ɗaya tilo. Sai uku a tsaye kamar sanda.

"Malam," ya faɗa a fili.

Dutsen guga ya tsaya.

"Wannan karantawa ka yi ko ƙagawa?"

"Karantawa. Da wannan." Ya ɗaga mata ƙaramin yatsan.

Ya ji ta ajiye dutsen a tsaye, ta sake ɗauka.

"Sai me?"

"Ki ba ni lokaci. Yau aka sa shi a makaranta."

Yana tsakiyar kalma ta biyu waya ta yi ƙara a aljihunsa. Shugaban makaranta ne, da fara'arsa ta mai son a gama magana.

"Malam, an ga Likita? Ya jikin?"

Bakinsa ya buɗe da kansa, amsar ta taho kamar yadda ta saba. Daga can gefen tebur Uwar Biyu ta yi gyaran murya.

"Da saura, ranka ya daɗe."

"Subhanallahi. Ba a ba ka takardar ba?"

"An ba ni. Ta ce na warke." Ya shafa aljihun. "Amma ba zan iya karanta aikin aji shida ba. Yaran nan jarrabawa ce a gabansu, suna buƙatar wanda zai kama musu kuskure da safe, ba wanda zai kai yamma a kan layi ɗaya ba. A bar wa malamin riƙo, yana da ƙoƙari."

Faɗar ta fi tiyatar zafi. Shugaban ya fara jero masa jaje, ya gangaro kan maganar ofis da waya, da yadda ake buƙatar babban mutum a wurin.

"Kujerar nan a ba wani," Malam ya katse shi. "Wa ke riƙe da aji ɗaya tun da malamarsu ta tafi haihuwa?"

"Aji ɗaya? Malam, kai da kake cewa aji ɗaya raino ne ba koyarwa ba?"

"Na faɗa. Akwai wani sabon ɗalibi da zan kawo, tafiyarsu za ta zo ɗaya."

Shugaban bai gane ba, amma ya ce za a duba, kuma a bakinsa za a duba ta fi a'a. Malam ya ajiye wayar, ya nemi inda ya tsaya ya rasa, ya koma farkon layi. Uwar Biyu ta gama rigarsa ta Litinin ta rataye, ta gama wando, ta shiga zannuwan gado. Shi yana nan a karkace, yana hawa yana sauka, yana tsaki, yana komawa. Da ya kai ƙarshen layin sai ya ɗauke hannu ya ɗora a cinya.

"Me suka ce?"

Ya murza ƙaramin yatsan a kan cinyarsa.

"Malam, kada ka ƙaga mini."

"Sun ce, Malam yaushe za ka dawo."

Ta zare wayar dutsen daga bango. Ya ji ta zagayo ta tsaya a bayansa, hannunta ya sauka a kafaɗarsa, da zafin guga a tafin.

"To me za ka ce musu?"

"Litinin," ya ce. "Sai dai za su ji sandata ta wuce ƙofarsu."

Ya karkata hannun, ya nemi layi na biyu.